Mutum Tara, Buta Ɗaya

Ko da zan manta hanyar gidana, ba zan manta ranar da na kusa kashe auren ɗan yayana da ƙwayar asibiti ba.

A lokacin ƙafafuna sun kumbura kamar doya. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta mini wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, wai ta fitar da ruwan da ya taru a jikina. Ta kuwa yi aiki. Ni kuma bakina ba ya ajiya, duk unguwarmu ta Alabar sai da aka ji na koma ɗan shekara ashirin.

Ranar ɗaurin auren, mu tara har da direba muka shiga trotro, ƙaramar motar haya, za mu Techiman. Ni ne wakilin ango, don mahaifinsa ya rasu. Uban amarya mutum ne mai zafi, ya riga ya aiko cewa ana sallame azahar za a ɗaura, wanda ya makara ya nemi 'yar wani.

Muna shan koko a tasha na ciro ƙwayata. Kun san Zango, ba a kai abu baki a gaban jama'a ba a yi tayi ba. Na ce, "Bismillah." Wallahi a baki kawai na faɗa. Sai ga hannuwa takwas.

"Wannan ce mai mayar da tsoho yaro?" in ji kawunmu. "Kai kaɗai za ka yi ƙuruciyar?"

Direba ya ce, "Massa, ni da zan tuƙa ku, ba ni biyu."

Ni a gida na saba sha, ga banɗaki kusa, ban taɓa lura da yawan zirga-zirgata ba. Kafin mu kai Offinso Kawu ya ƙwanƙwasa jikin mota. "Direba, tsaya in kama ruwa." Aka yi masa dariyar tsufa. Yana sauka, masu dariyar suka bi shi a guje. Ga buta ɗaya tak a motar! Dattawa cikin manyan riguna a layi, kowa na rawa a tsaye yana cewa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka sako butar nan."

Daga nan babu bishiyar da ba mu gaisa da ita ba. Direba mai biyu ba ya ko kashe mota, tsalle kawai yake yi. Wata mai talla da ƙafa ta wuce mu sau uku. Can Kawu ya ce duniya na juya masa, muka kwantar da shi muna fifita, dariya ta ƙare. Ango na kira a waya yana kuka.

Sai bayan la'asar muka isa. Uban amarya na zaune, fuska kamar hadari, rabin jama'a sun watse. Na durƙusa na fara, "Alhaji, mun zo neman..." sai abin ya motsa. Na miƙe ban ƙarasa ba, mutum huɗu suka rufa mini baya. Da na dawo ya ce, "Raini ne ko hauka?" Sai na miƙa masa kwalin maganin.

Ya dube shi, ya sa hannu a aljihu, ya ciro irinsa sak. "Wannan kuka sha kuka hau mota? Ni ranar Juma'a sai na dawo masallaci nake taɓa ta!" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya sa aka mayar da tabarma kusa da banɗaki. A nan aka ɗaura, liman na sauri, shaidu na karɓa-karɓa.

Washegari na kai Kawu asibiti. Wata likita ta ce jininsa ne ya sauka, saura ƙiris. Ta wanke ni tas a gaban jama'a.

Tun ranar na gane tayi na tuwo ne da goro. Maganin da likita ya auna jikinka ya rubuta maka, naka ne kai kaɗai. Gara a ce da kai marowaci da ka yi kyautar da za ta kwantar da kawunka.