Hular Baba Mai Karkataccen Zobe

Babanmu mai ɗinkin hula ne a Unguwar Kanawa. Da hannunsa yake zana adon a kan yadi, sannan ya bi da allura. A farkon shekarun casa'in idonsa ya soma yin yana, ganinsa ya ragu. Ɗinkin kam yatsunsa sun haddace, zanen ne ya gagare shi, musamman zobe. Sai ya fara da'ira ya rasa inda ya taso.

Lokacin nan ina koyon kwamfuta a wani shago a Unguwar Rimi, ranar Asabar kaɗai nake samun zama gaban injin. Ni kuwa da rawar kai, daga koyon 'yan umarnin da ake rubuta wa kwamfuta sai na cika wa Baba baki. Na ce zan sa inji ya buga masa zane da manyan ɗigo baƙi ƙirin, wanda zai iya gani ya kwafa.

Ya ce, "To Uwata, ki hanzarta. Hula ɗaya nake so in ƙara yi kafin in ajiye allura."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Abin da ban sani ba, allon kwamfuta ba ya karɓar rabin ɗigo. Lissafin da'ira kuwa duk ɓurɓushi ne, bakwai da ɗigo tara, sha biyu da ɗigo uku. Dole kowace lamba ta koma cikakkiya kafin a ɗiga ta. Umarnin da na sani bai iya komai ba sai datse wutsiya. Bakwai da ɗigo tara, da ta kusa taɓa takwas, sai ya mayar da ita bakwai, ko kunya babu. Da firinta ta gama ƙararta, zoben ya fito gefe ɗaya a baje, ɗayan da ɗan tsini kamar ƙwan zabuwa.

Haushi ya kama ni, amma na kai wa Baba don mu yi dariya. Ya kai takardar har bakin hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ai ina ganinsa sarai."

"Baba, a karkace yake. Bari in gyaro."

"To ki gyaro. Wannan dai bar mini shi."

Gyaran ya ci ni makonni. Wata Asabar babu wuta, wata kuma layi bai zo kaina ba. Daga baya malaminmu, wani dogon mutumin kudancin Kaduna mai haƙuri da shirmen ɗalibai, ya leƙo allona.

Ya ce, "Ƙanwata, ki ƙara wa kowace lamba rabi kafin ki datse. Wadda ta kai rabi za ta haura, wadda ba ta kai ba ta zauna inda take."

Shi ke nan fa. Layin umarni ɗaya na taɓa, zobe ya fito kamar an ɗora bakin kofi an zagaye. Na hau motar haya ina riƙe da takardar a ƙirji, kada ta lanƙwashe.

Na tarar da Baba a zaure, a inda ya saba zama. Na miƙa masa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ashe yanar ta ƙara rufe idon, ko manyan ɗigon ba ya gani. Sai ya shafa ta da tafin hannu, ya miƙo mini.

"Na san ya yi kyau, Uwata."

Ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro hula sabuwa fil. Ashe tun ranar da na bar masa takardar farko ya kama aiki, bai jira ni ba. Zobba sun kewaye ta, kowanne gefe ɗaya a baje, ɗaya da tsini. Bai gyara ko ɗaya ba, alhali ko a makance ya fi injin nan sanin da'ira.

Na ce, "Baba, ai da ka daidaita su."

Ya ce, "Haka kika kawo mini."

Na yi shekaru ina aikin kwamfuta, kuma har yau in na zo ƙara rabin nan sai kewarsa ta taso mini. Takardar mai kyau ban san inda ta shiga ba. Hular tana cikin akwatina, nakan ɗauko ta in bi tsinin nan da yatsa.