Jar motar da ta kaɗe Yaya

Duk lokacin cirar gyaɗa sai Yayana ya faɗo mini a rai. Mutum ne da mota ba ta wuce shi bai ɗaga mata hannu ya ce "Allah ya kiyaye hanya" ba. Ranar muna dawowa daga gona da magariba a hanyar Kurugu, rigarsa tana ƙanshin ɗanyar gyaɗa, wata mota ta taho, ita ma ya ɗaga mata hannu. Ta kwashe shi, ba ta tsaya ba.

Aka tambaye ni lambarta. Ni da ban yi boko ba? Amma na gan ta: ja ce, gajera kamar kunkuru, fitilunta suna ɗagowa kamar fatar ido. Direbobin tashar Karaye suka ce, "Haba Iya, ai babu irin wannan a ƙasar nan." Na ce, "To ba za ta ɓace mini ba ke nan, 'ya'yan nan."

Tun lokacin na mayar da kaskon ƙosaina bakin titi. Dangi sun yafe, ni ban yafe ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma kada ya karɓi ganina sai mai motar nan ya sake biyowa ta gabana.