Ranar da Muka Ƙona Littattafan Habibu

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Habibu makwancinsa a maƙabartar Handsworth da ke Birmingham, nan Ingila. Duk shekara idan watan ya zagayo sai wani a zaurenmu na waya ya sako hotonsa, a yi ta jera "Allah ya jiƙansa", "mutumin kirki ne", sannan kowa ya koma harkarsa. Ni ma ina cikin masu jerawar. Bana dai na gaji. Addu'a tana da kyau, Allah ya karɓa, amma akwai abin da muka yi wa mutumin nan kwana tara bayan rasuwarsa wanda har yau babu wanda ya buɗe baki ya faɗa. A dalilin shirun nan 'yarsa Bilkisu ta yanki tikitin jirgi za ta Katsina neman wani akwati da babu shi a duniya. Ni na ce mata akwai shi.

Tare muka zo ƙasar nan da Habibu, karatun injiniya ya kawo mu. Da muka gama ni na samu aiki a Manchester, shi ya tsaya Birmingham yana gyaran jiragen ƙasa, ya kama hayar flat, wato sashen gida, a unguwar Balsall Heath da matarsa Hajara. Gidansu a Katsina gidan wanzamai ne kaka da kakanni, kuma duk da bai gaji aska ba, ya gaji ido. Habibu zai kalli fuskar dattijo sau ɗaya ya gaya maka garinsu, wani lokacin har zuriyarsu, daga tsagar da ke kumatunsa. Na sha ganin ya tare tsoho a ƙofar masallaci ya ce, "Baba, ina mutanen Gobir?" tsohon ya saki baki yana kallonsa.

Abin ya samo asali ne daga wani gunki. A tsakiyar kasuwar Birmingham akwai gunkin wani babban hafsan sojan ruwa, wanda Ingila take ji da shi saboda ya ragargaza jiragen Faransa. Mu dai wucewa muke yi ta gabansa da ledojin cefane. Habibu da shegen son sani sai ya shiga laburare neman labarinsa, daga nan ya zarce bai dawo ba. Ya karanta yaƙe-yaƙen zamanin da Faransawa suka tuntsurar da sarkinsu, yadda Ingila da Faransa da Sifaniya suka yi ta gwabzawa a teku da tsibiran Karebiya a kan gonakin rake. A nan ya tarar da abin da ya hana shi sukuni har ya mutu. Zazzaɓin shawara yana ta kashe sojojin Turawa a tsibiran nan tun kafin su ga abokan gaba, sai hukumar Ingila ta shiga sayen bayi daga jiragen da suka taso daga Afirka, ta sa musu jar riga, ta danƙa musu bindiga, ta ce su je su mutu a yaƙin da ba su san mafarinsa ba. A cikinsu akwai Hausawa.

Na tuna ranar da ya gaya mini. Muna tafe a unguwar tsofaffin maƙeran bindiga, ya tsaya ya nuna wani jan gini ya ce, "Lawal, a irin ɗakunan nan aka ƙera bindigar da aka kai bakin teku aka musanya da mutum. Namu suka kama shi suka sayar, nasu suka saya, sannan aka miƙa masa ƙanwar bindigar ya riƙe. Ka taɓa jin rainin wayo irin wannan?" Ni kuwa sanyi ya dame ni, na ce ya zo mu nemi shayi.

Akawun soja ba ya rubuta sunan da uwa ta raɗa wa mutum. Sunan Bature yake laƙaba masa, ya rubuta tsawonsa, ya rubuta ƙasar da ya ce ya fito, sannan ya kwatanta tsagar fuskarsa don idan ya gudu a gane shi. Rajistocin nan suna nan a ma'ajiyar tarihi a London, kowa yana iya zuwa ya duba. Masana sun duba, sun ga zane uku nan, zane biyar can, sun wuce, domin a wurinsu tabo ne kawai. Habibu da ya duba sai ya ga garuruwa. Duk ranar da ba shi da aiki ya hau bas ya tafi London da fensir, tunda ba a barin biro a wurin, ya kwafi mutum, ya zauna ya auna kwatancen akawun da abin da ya sani, idan ya rikice masa ya buga wa baffanninsa waya a Katsina. A ƙarshe ya rubuta: wannan Bakatsine ne, wannan daga Kabi, wannan Bazamfare. Da ajami yake rubutun, don ya ce hannunsa ya fi gudu a haka. Kowane shafi da Bisimilla yake buɗe shi, kuma ƙarƙashin kowane soja sai ya rubuta masa addu'ar neman gafara, yana cewa ai babu wanda ya sallace su. Shekara shida yana wannan aiki, littafi goma sha huɗu ya cika.

Mu me muka yi masa? Dariya. Muka sa masa suna Sarkin Yaƙin Turawa. Idan ya ɗauko zancen a wurin walima sai wani ya ce, "Haba Habibu, me ya haɗa ka da faɗan Ingila da Faransa? Ka bar mu mu ji da council tax." Council tax ɗin nan harajin gida ne. Masu digiri uku-uku ne fa suke wannan maganar, mutanen da za su kwana musu a kan ƙwallon Turawa ba su ce me ya haɗa su da ita ba.

Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki, da rana tsaka, bai kai asibiti ba. Bilkisu tana shekara tara. Hajara ta shiga takaba, aka yanke shawarar ta koma wurin yayanta a Manchester, mai gidan hayar kuma yana son flat ɗinsa. Sai mu maza muka taru ranar wata Asabar don kwashe kaya, Alhaji Tanko yana gaba. Alhaji Tanko shi ne dattijonmu, ya fi kowa daɗewa a garin, shi ke tsaya mana a kan suna da jana'iza, kuma ba a musu da shi. Aka tambayi Hajara ta bayan ƙofa yadda za a yi da kayan ɗakin karatun, ta ce cikin kuka, "Ku yi yadda ya dace." Alhaji ya kasa kayan uku. Tufafi sadaka. Littattafan Turanci a kai shagon da ake ba da kayan taimako. Duk takardar da ke da rubutun Larabci kuwa a ware ta, domin ba a jefa sunan Allah a bola, balle kwandon recycling na sharar da ake sake sarrafawa, inda za a cakuɗa shi da kwalin giya. Ƙonawa ake yi, kowa ya san haka tun daga gida.

Littattafan nan goma sha huɗu suka faɗa kashi na uku. Wani ya buɗe ɗaya, ya ga Bisimilla, ya ga addu'a, ya rufe ya ce wuridi ne. Ni na san ba wuridi ba ne. Na san bangonsu, na sha ganinsu a jakarsa. Na matsa kusa da Alhaji na ce a hankali, "Alhaji, anya waɗannan ba aikin nan nasa ba ne?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Aikin duniya ya ƙare masa, Lawal, sai na lahira. Wa zai karanta? Ko so kake a bar wa marainiya ta yi ta watsa sunan Allah a ƙasa?" Mutum takwas suna tsaye suna kallona. Sai kunya ta kama ni, kunyar a ce na ja da babba a gidan mutuwa, na ja bakina na yi shiru. Muka fita bayan gida inda rabin duron da muke gasa nama da Sallah yake. Ni na fi kusa da kicin, ni aka aika na ɗauko ashana.

Wallahi har yau idan na tuna sai raina ya yi baƙi. Ban ce kiyaye sunan Allah laifi ba ne. Amma jaka ɗaya ta ishi littattafan nan, kuma but ɗin motata a buɗe yake. Alhaji Tanko ya yi abin da ya sani, da zuciya ɗaya, kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa. Ni ne na san abin da ke ciki. Turawan da muke zagi sun sayi mutanen nan, sun canza musu suna, sun tura su bakin igwa, amma ko ba komai sun adana takardar fiye da shekara ɗari biyu, a ɗaki mai sanyi, ba su bar ko gara ta taɓa ta ba. Mu da muke cewa 'yan'uwanmu ne, abin da ɗanmu ya tattara bai yi kwana goma a hannunmu ba. Muka tsaya da casbi muna kallon hayaƙi muna jin mun yi aikin lada.

Ina yawan tunanin abin da Habibu zai ce da ya ga yau. Yanzu gidajen tarihi sun fara liƙa 'yan alluna a gefen hotunan manyan jiragen yaƙi, suna cewa ai akwai baƙaƙe ma a cikin rundunar. Baƙaƙe! Kamar Afirka unguwa ɗaya ce. Na san tsaki zai ja ya ce, "Baƙin ina? Ɗan gidan wa?" Yaranmu kuma suna tofa yawu a kwalba suna aikawa a yi gwajin ƙwayar halitta a gaya musu asalinsu, su zo suna nuna mana a waya. Su kuma waɗanda suka raina shi a wurin walima, su ne yanzu suke turo dogayen saƙonni a kan yadda Bature ya ɓoye mana tarihi. Idan na karanta sai in ji kamar in jefar da wayar. Baffannin Habibu da yake buga wa waya duk sun rasu. An daina tsaga, kuma ban ce a dawo da ita ba, amma masu iya karanta ta suna ƙarewa, babu wanda ya zauna da su da fensir.

Bilkisu a gabana ta girma a Manchester. Tana shekara goma sha uku ta fara tambaya ta, da Hausarta da ke tafiya da ɗingishi, "Baffa Lawal, ina books ɗin Abba da yake rubutu a ciki?" Na ce an zuba su a akwati an aika Katsina. Haka kawai maganar ta fito, kuma da ta fito na ci gaba da ciyar da ita. Hajara ma ta yarda, tunda ba ta fito ba ranar. Da yarinyar ta shiga jami'a ta zaɓi tarihi, na san asirina ya kusa tonuwa. Da ta ce mini ta je London ta ga rajistocin da idonta, na ce madalla. Da ta kira ta ce ta yanki tikiti, hutun nan za ta je gidan kakanninta ta buɗe akwatin ta ƙarasa aikin babanta, sai na ce ta zo gida Asabar ina son ganinta.

Ta zo da rana, ta gaishe da matata, ta zauna a ƙasa kamar yadda uwarta ta koya mata. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata labarin duron, na gaya mata maganar Alhaji, na gaya mata wanda ya ɗauko ashana. Na so ta yi ihu, ta zage ni da Turancin nan nasu, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba.

Mutane za su ce abin da ya rage na Habibu shi ne 'yarsa, ga ta ta bi sawunsa. Gaskiya ne, ta gaji naci, ta gaji zafin rai a kan mutanen nan. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Idon da ke duban tabo ya ga gari bai gadu ba, a takarda ya bar shi, kuma mun san inda takardar ta tafi.

Ta buɗe jakarta ta ciro hoton shafi ɗaya da ta ɗauko a London. Ta sa yatsa a wani layi ta karanta mini, tana juyawa da Hausa a hankali. Matashi ne, ya ce shi Bahaushe ne, yana da gajerun zane a gefen kowane ido da doguwar tsaga ɗaya a kumatun hagu. Ya mutu a asibitin soja a wani tsibiri.

Ta ce, "Baffa, mutumin ina ne?"

Na ce ban sani ba.

"Abba ya sani?"

"Ya sani."

"Ya rubuta?"

Na ce, "Ya rubuta, Bilki."

Ta ninke takardar, ta mayar jaka, ta ce in gaishe da Goggo, wato matata, idan ta fito daga kicin. Na miƙe zan kai ta tasha, ta ce in zauna, ta san hanya.