Fis a Aljihun Mai Rediyo

A layin masu gyaran mota, tsakanin mai fenti da mai faci, akwai wani shago da faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Mai shi dattijo ne, ba dogo ba, yana sa tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da jar waya. Mai Rediyo ake ce masa. Maiɗakinsa ma, in ranta ya ɓaci, haka take kiransa.

Ya fara sana'ar tun zamanin kaset, lokacin da rabin aikin shi ne zaro zaren da rediyon mota ta haɗiye a naɗe shi da biro. Faifai ya zo ya wuce. Yanzu allo ake yayi, mai nuna taswira, da wata murya a ciki da ke cewa a bi dama ko hagu. A nan tsararrakinsa da yawa suka ajiye filaya, suka ce abin ya zama na yara. Shi kuwa ya samo wani mataccen allo ya kai gida, ya yi wata guda yana buɗe shi yana rufewa a tsakar ɗaki, har maiɗakin ta ce ko allon ya bar gidan ko ita.

Ba shi da sauri. In ka ce masa sifika na kuka, ba ya taɓa komai sai ya shiga motar, ya rufe ƙofa, ya saurara. Sau da yawa kukan ba na sifika ba ne, wani noti ne ya faɗa cikin ƙofa. In taswira ta nuna motarka tana tafiya a tsakiyar kogi, yakan lalubo 'yar eriyar da ta zame ta shige ƙarƙashin ƙarfe, ta daina ganin sama. Shekara talatin da shida, ba a taɓa cewa motar da ya sa wa hannu ta kama wuta ba. Shi bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Mai Faci ne ke faɗa, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, shi ma sai in ya tabbata ba ya kusa.

Wata Talata da hantsi wata malamar asibiti ta tsaya da ƙaramar mota shuɗiya, mahaifinta na zaune a gaba. Za ta kai shi wani gari a duba masa ido, tafiyar awa uku. Kunnen tsohon ya yi nauyi, ga shi ba abin da yake so kamar labarai.

"Baba, so nake a ƙara masa sauti," ta ce wa Mai Rediyo. "In ba haka ba, duk abin da aka faɗa sai na maimaita, ga tuƙi."

"Me ta ce?" in ji tsohon.

"To ka gani."

Mai Rediyo ya sa akwatin ƙara sauti a ƙarƙashin kujera. Irin wannan akwati daga batir yake shan wuta, ta wata waya mai kauri da ke ratsa ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane. Shi ya sa ake sa mata fis kusa da batir. In ƙarfe ya ci fatar wayar, fis ya ƙone, magana ta ƙare. In babu fis, wayar ce za ta yi ja wur, kafet ya kama.

Gidan fis ɗin da ya fara ɗaukowa ya ƙi kamawa. Sai ya haɗa wayar kai tsaye don gwaji, ya naɗe da salatif, ya shiga shago ya ɗauko sabo ya jefa a aljihu. Yana fitowa malamar ta kira shi ya sa mata asibitin a taswira.

"'Yata, taswirar nan ta tsufa, ba ta san an yi sabuwar gada ba. Tsohuwar hanya za ta bi da ke, ta bayan kamfanin siminti. Akwai gargada."

"Ba komai, Baba. Gara gargada da in ɓace."

Ya murɗa rediyo. Muryar mai labarai ta cika motar, tsohon ya zabura, ya buɗe baki, ya kama hannun Mai Rediyo da hannu biyu yana ta sa albarka, har da 'yar ƙwalla. Cikin wannan murna aka rufe bonet. Ba wani ne ya rufe ba, shi ne da hannunsa.

Sai da suka yi kusan rabin awa da tafiya ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya goge tabarau. Abin da yatsunsa suka taɓa ba hankici ba ne.

Ya kira lambarta sau uku. Tana shiga, ba a ɗauka. Ina za ta ji, da irin sautin da ya ƙara da hannunsa? Ya tsaya a bakin shago, fis ɗin a tafin hannu, yana ganin wayar nan a ransa, tana gugar bakin ƙarfe a kowane rami.

"Tayar da babur," ya ce wa Mai Faci.

"Kai? Ba kai ne ka ce babur makara ce mai ƙafa biyu ba? Ko tsufa ya fara…"

Ya buɗe masa tafin hannu. Mai Faci ya dubi fis, ya dubi fuskarsa, ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Wace hanya suka bi?"

"Tsohuwa. Mu bi gada, mu tare su a mararraba."

Rabonsa da babur shekara goma sha. Ya riƙe rigar Mai Faci kamar zai yaga ta, bai ce a rage gudu ba. Suka haye gada, suka wuce gonaki, suka tsaya a inda tsohuwar hanya ke faɗowa babban titi, gindin wata bishiya. Motar siminti ta fito. Wata farar bas ta fito. Mai Faci ya lura ɗan'uwan nasa ba titin yake kallo ba, sama yake kallo, can saman bishiyoyin tsohuwar hanya. Ya gane hayaƙi yake dubawa.

Kunne ne ya riga ido. Muryar mai labarai suka fara ji tana bayanin farashin taki, sannan shuɗiyar motar ta ɓullo tana rangaji. Mai Rediyo ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu.

"Baba! Lafiya? Ta ina ka biyo?"

"Kashe motar, 'yata. Buɗe bonet."

Kan batir ya fara cirewa. Sannan ya bi wayar da yatsa har inda ta shige cikin ƙarfe, ya jawo ta a hankali. Fatar ta kankare ta gefe ɗaya, saura kamar kaurin takarda. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ja numfashi.

"Laifina ne," ya ce. "Na bar ki kin tafi babu fis."

"Da me zai faru?"

Ya dubi wayar, ya dubi kujerar da tsohon ke kai, akwatin na ƙarƙashinta. Malamar ta bi idonsa, ta dafa mota.

"Wa ya kashe min labarai?" in ji tsohon ta taga. "Ana tsakiyar magana!"

"Yanzu za su dawo, yaya," in ji Mai Faci da ƙarfi. "Mai labaran ne ya je shan ruwa."

Aka yanko roba daga tsohon tub da ke ɗaure a bayan babur, aka naɗe bakin ƙarfen. Mai Rediyo ya yanke inda ya kankare, ya sa fis a gidansa, ya ja wayar sau biyu ya ga ba ta motsi, ya mayar da kan batir. Allon ya manta asibitin, ya sake sa mata. Sai da ya rubuta sunan sau uku kafin ya yi daidai.

Malamar ta lura. Ta kama wuyan hannunsa, ta dubi agogonta.

"Zauna, Baba. Yaushe rabonka da awon jini?"

"Lafiyata ƙalau."

"Haka kuke cewa duka. Ranar Juma'a zan biyo da abin awo." Ta miƙa masa gorar ruwa. "Kuma ka shanye."

Ya zauna a kan saiwar bishiya ya sha, yana kallon motar har ta ƙule, tsohon na ɗaga hannu ta taga.

"To, tsoho, hau mu koma," in ji Mai Faci. Ya tura babur taku ɗaya ya tsaya. Tayar baya ta kwanta shame-shame, ga ƙusa ta leƙo.

"Ina kayan facin?"

"Suna shago. Wa ya bar ni na ɗauka?"

Dariya ta kama Mai Rediyo, irin wadda ba ta da sauti, har ya cire tabarau yana share ido. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bayan babur ɗin.

"Tura, mai faci. Ba sauri muke ba."