Baƙon Buza a Ɗakin Alƙasim

Alƙasim taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da kowa a garinmu ya sani amma yake jin nauyin faɗa. Shekara talatin ya yi yana ɗinke bakin buhunan albasa a bakin hanyar Galma, inda manyan motoci ke tsayawa lodi. In buhu ya cika ya yi tozo, shi ke ɗora masa raga ya bi da basilla, kafin ka gama gaishe shi ya wuce na gaba. Hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun. Ga shisshigi: in 'yan dako sun gaza, sai ya ajiye basilla ya sa kafaɗa. Da haka ya jawo wa kansa ƙaba a ƙasan mara. Shekara huɗu yana tura kumburin da hannu ya koma ciki yana ce mana iska ce.

Bara, bayan girbin gero, matarsa Biba ta gaji da iskar, ta tasa shi gaba zuwa birni aka yi masa aiki. Da muka ji cewa likita ya shimfiɗa masa wata 'yar raga a ciki don ta riƙe wurin, garin nan ya samu abin dariyar wata guda. Mai ɗinke buhu, shi ma an ɗinke shi. Ya ce tasa ragar daga ƙasar waje ta zo, ba irin ta kasuwar Madawa ba, mu daina hassada.

Ranar sallama likita ya yi musu gargaɗi, Alƙasim yana can yana tunanin fura, Biba ce ta riƙe. In jiki ya ɗau zafi, in wurin ya yi ja ya kumbura, in ya soma fitar da ruwa mai wari, in ciwon yana ƙaruwa maimakon ya ragu, kada a kwana a gida. In kuwa ciki ya kumbura, ga amai, bayan gida ya tsaya, ko takalmi kada a tsaya nema. Aka kuma hana shi ɗaukar kaya mai nauyi.

Sau biyu ya koma birni a bayan babur aka sake masa bandeji, daga nan ya yanke hukuncin ya warke. Kwana goma sha biyu da aikin sai ga shi wurin lodi, wai gaisuwa ya zo. Gaisuwar ta kai shi har kama gindin buhu. Bandejin ya jiƙe da gumi da ƙura, ya ɓalle shi da kansa, ya shafa man shanu ya ɗaure da tsumma.

Da kwana uku suka wuce ban ji muryarsa ta kan katanga ba, na san da magana. Ina shirin leƙawa Biba ta shigo da hantsi, ta ce in zo in gani, tun da ni ba ya iya korata. Na same shi lulluɓe da bargo, rana tsaka, haƙoransa na haɗuwa, yana ce mini sauro ne. Na yaye bargon ba tare da neman izini ba. Wurin ya yi jawur, ya tasa, yana tsatsar da ruwa, warin kuma ya riga idona. Gaskiya tsokanar da na zo da ita ta maƙale.

Ba zai iya zama kan babur ba. Ɗakin shan maganin garinmu kuwa taku ɗari biyu ne daga ƙofarsa, kuma majo, wato malamin jinyar da ke riƙe da wurin, shi ke kiran motar asibiti. Sai dai majon nan Safiyanu ne, mijin Fiddausiya, 'yar farin Alƙasim.

Shekara tara da auren, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. In suka yi karo a hanya, Safiyanu ya cire takalmi ya durƙusa yana duban ƙasa, Alƙasim ya kafa wa bishiya ido, su gaisa kamar ana korar su. Ko ciwon kai Alƙasim bai taɓa kai masa ba. Yanzu a ce ya kwance tazuge a gabansa? Ya ce mini gara a kai shi kushewa da mutuncinsa. Na ce masa kushewar ba ta da nisa in ya ci gaba da taurin kan nan. Biba ba ta tsaya sauraron mu ba, ta aika aka kira majo.

Safiyanu ya zo da jakarsa, ya tsaya bayan zana ya durƙusa. Daga can yake tambaya, Biba na leƙawa ɗaki tana dawo da amsa. Tun yaushe zazzaɓin? Akwai amai? Ya zagaya yau? Da ya ji babu amai, an kuma zagaya, ya yi hamdala, amma ya ce dole sai ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa, don in mugunya ta kai ga ragar, aikin ba na gobe ba ne. Shi ma kunyar na cinsa, har zufa ta jiƙe masa wuyan riga.

Can Alƙasim ya yafito ni, ya ce in ɗauko zanen Biba in rufe masa fuska ruf. Na rufe. Safiyanu ya shigo, ya dubi mutumin da ba shi da fuska, sai ya gyara murya.

"Sannu, malam. Daga wane gari anka kawo ka?"

Daga ƙarƙashin zane aka ce, "Daga Buza."

"To, mutumin Buza, ka yi haƙuri, za ni taɓa wurin."

Na juya na fuskanci bango ina cizon leɓe, Biba ta fita tsakar gida da gudu tana toshe baki. Safiyanu ya duba, ya wanke, ya yi masa allura, ya kira mota. Bai rage wa mutumin Buza komai ba. Ya yi masa faɗa tas kan man shanu da tsumma da ɗaukar buhu, faɗan da ba zai taɓa iya yi wa surukinsa ba, mutumin Buza kuma yana ta cewa gaskiya ne.

A birni likitoci suka buɗe wurin suka fitar da mugunya. Sun ce da an ƙara kwana biyu da sai an ciro ragar gaba ɗaya, kuma ba su ɗauki alkawarin mai ita zai tashi ba. Mako biyu ya yi a kwance. Ya dawo ya rame, yana takawa a hankali, bakin dai yana nan.

Washegarin dawowarsa Safiyanu ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Ina zaune. Alƙasim ya juya yana duban rumbu, suka gaisa a gaggauce yadda suka saba. Safiyanu na shirin tashi sai Alƙasim ya ce, har yanzu da rumbun yake magana:

"An ce wani baƙo daga Buza ya kwanta ciwo gidanga, kai ka kula da shi. Ya tahi, amma ya bar sallahu. Ya ce a hwaɗa maka shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ya daɗe yana jin zahin abin. Ya ce yanzu ya bar ji."

Safiyanu ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a zaure.