Tsagar Gidanmu

Ranar Talata ce. Bayan sallar asuba na ɗauki koma na sauka bakin ruwa. Baba ya biyo ni da sandarsa. Ya daina fita su, amma yana son zama cikin jirgi yana ɗinke inda komar ta yage. Matata Hansatu tana hura wutar bandar kifi. 'Ya'yanmu, Sale da Binta, suna rigima a kan ɗumamen tuwo. Na daka musu tsawa na fita. Maganata ta ƙarshe da su ke nan.

Ƙauyenmu yana bakin tafkin Cadi. Can aka haife ni, can aka haifi Baba. Amma asalinmu bakin kogin Haɗeja ne, wani gari da ake kira Tudun Masu. Kakana Audu ne ya baro shi. Turawa suka ɗauke shi soja zuwa yaƙin Boma. Da ya dawo bai koma gida ba, ya zarce tafki ya sake aure. Ba wanda ya san dalili. Ya mutu ya bar takardu biyu. Ɗaya ta sallamarsa daga soja. Ɗaya wasiyyar da ya yi a gaban alƙali kafin ya tafi, cewa gonarsa ta fadama amana ce a hannun ƙanensa har jaririyar 'yarsa Hajara ta girma. Baba yana ɗaure da su a ƙugu cikin jakar fata. Duk shekara yakan ce idan ruwa ya ja za mu je mu nemi yayarsa. Ba mu taɓa zuwa ba.

Da hantsi muka ji babura. Da yawa, daga yamma. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, sannan ba tsayawa. Tsuntsaye suka tashi daga ciyawa gaba ɗaya. Na ji ana ihu: "Ku kwanta! Kar wanda ya motsa!" Na yar da koma na nufi gida. Ban kai ba. Layinmu duka yana ci da wuta. Wani maƙwabcina ya ci karo da ni, jini a wuyansa. Ya ce, "Koma! Babu kowa!" Na tsaya. Ya tura ni da ƙarfi.

Na koma jirgi. Baba yana zaune inda na bar shi, allura a hannu. Na sa gora na tura. Harsashi ya same shi a cinya kafin mu shiga ciyawa. Bai yi ƙara ba. Ya ce, "Tuƙa."

Da azahar ruwa ya yi ƙasa, jirgi ya kafe a laka. Na goya shi, na ɗauki filafili ina dogarawa. Wani wuri ruwan iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji. Sauro ya rufe mu. Har la'asar ina jin harbi a bayanmu, yana raguwa. Washegari rana ba ta kai tsaka ba, na ji nauyinsa ya sake a bayana. Na sauke shi a wani tudu. Ya riga ya cika.

Na haƙa rami da filafili da hannuna. Na wanke shi da ruwan tafki. Baba yana da tsagar gidanmu, uku-uku a kowane kunci. Laka ta cika su. Na bi su da yatsa ina cirewa. Na naɗe shi da rigata, na yi masa salla ni kaɗai. Na kwance jakar na ɗaura. Babu itace a wurin, babu dutse. Ban sa alama ba.

Daga baya na haɗu da waɗanda suka koma suka binne mutane. Sun ga Hansatu da yaran a bakin banda. Sun ce wuri ɗaya suke.

Motar kifi ta kawo ni Gashuwa, wata ta kawo ni Nguru, wata Haɗeja. Ban san kowa ba. Na kama dako a kasuwar kifi. Ana kirana Ɗan Tafki. Ana ba ni abinci, ana ba ni wurin kwana a rumfa. Mutanen kirki ne. Amma ba wanda zai ce ni nasa ne. Idan na faɗi, baƙo za a ce ya mutu. Abin da ya sa na buɗe jakar ke nan.

Ni ba na karatu. Na kai wasiyyar wurin limamin masallacin kasuwa. Ya buɗe ta a hankali, ya girgiza kai. Da tawadar malamai aka rubuta ta, ruwan tafki ya wanke ta. Saura hatimin alƙali da bisimilla. Takardar soja kuwa tana nan. Wani tsohon malamin makaranta mai sayar da ƙanƙara ya karanta mini. Sunan Kaka, lambarsa, tsawonsa. Garinsa, Haɗeja kawai aka sa. A ƙasa Bature ya rubuta: tsaga uku a kowane kunci.

Na yi ta tambayar Tudun Masu. Yara ba su taɓa ji ba. Tsofaffi suka ce ruwa ya cinye shi tun tuni, ciyawar kacala ta rufe wurin, mutanensa sun watse. Damina biyu ina bin kasuwanni. Na je Kafin Hausa. Na je Kirikasamma. Can wani mai jirgi ya ce in daina tambayar masu gari, in tambayi wanzamai. Su suka san wane gida ke da wace aska.

Aka nuna mini tsohon sarkin aska, yana wasa wuƙa a gindin bishiyar maina. Na zana masa tsagar Baba a ƙasa. Ya ce, "Uku-uku ai rabin masuntan kogin nan suna da ita, ɗan nan. Ba ƙari?" Na ce babu. Ya dubi fuskata. "Taka fa?" Na ce lokacin da aka haife ni an daina. Ya ce ragowar mutanen Tudun Masu suna wani ƙauye bayan Baturiya, kuma akwai tsohuwa a cikinsu mai suna Hajara. Ya ce in je, amma kar in sa rai.

Na isa bayan la'asar. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, tana ɓarar gyaɗa. Ba ta gani. Tsagarta ta nutse cikin tsufa, amma na gan ta. Na durƙusa na gaishe ta. Na faɗi sunan Kaka, na faɗi na Baba. Na miƙa mata takardun. Ta shafa su ta ajiye gefe.

Ta ce, "Ni makauniya, ka kawo mini takarda? Tun ina goye ake ce mini soja yana hanya. Ashe ɗan dako za a aiko mini mai ƙarnin kifi. Matso."

Na matsa. Ta ɗora hannu a fuskata. Ta bi kuncin dama, ta bi na hagu. Ta koma ta sake bi.

"Sumul," in ji ta. "Ina shaidarka?"

"Tana fuskar Baba, Gwaggo. Na binne shi."

"Kar ka ce mini Gwaggo tukuna. Faɗa mini fuskarsa."

Na kama yatsanta na ja a kuncina. Uku nan, uku nan.

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ta janye hannu ta koma kan gyaɗarta. Ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Na zauna ina jin ɓawo yana fashewa. Na rufe ido na koma tudun nan, ina cire laka. Sai na tuna akwai inda yatsana ya ƙara tsayawa.

Na ce, "Sai dai wani ɗan tabo. Amma wannan na ƙugiya ne."

Hannunta ya tsaya. Ban nuna mata ba. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a gefen hancina na hagu, ƙasa da ido kaɗan. Ta ja shi gajere, a karkace.

"Nan?"

Na ce nan.

"Ƙugiyar gidanku. Aska ce. Maza kaɗai ake yi wa. Ƙanen babana da ya riƙe ni yana da ita." Sannan ta ɗaga murya: "Ku bar ruwan nan, ku dama fura. Ɗan ƙanena ne."

Tun ina yaro nake cin abinci kwano ɗaya da Baba. Ban taɓa tambayarsa tabon nan ba. Ni na yanke cewa ƙugiya ce.

Na zauna wurinta. 'Ya'yanta duk sun riga ta, jikoki ke riƙe da ita, kuma sun karɓe ni. Gonar wasiyyar tana ƙarƙashin kacala. An nuna mini wurin daga cikin jirgi. Ba ita na zo nema ba. Kullum idan na gaishe ta da safe sai ta shafa fuskata, ta tsaya a gefen hanci. Ba ta tambaye ni yadda Baba ya mutu ba. Ta tambaye ni ko yana da dariya. Na ce yana da ita.

Ta rasu bayan an yanke shinkafa. Ita an yi mata likkafani, an yi sahu uku. Na san inda take.

Mu biyar ne a gidanmu ranar Talatar nan. Na samu ta shida, na rufe ta. Tsagar gidanmu ta saura a takardar soja, uku-uku. Ƙaramar ta hagu, Bature bai rubuta ta ba.