Baba Mai Kujera Zai Ajiye Aiki

Kullum da safe Baba Mai Kujera yakan fito daga ofishin hukumar raya tsakiyar gari da 'yar kujerarsa a hannu. Ya sami bakin titi, ya girke ta, ya zauna. Ba awo, ba rubutu, kallo kawai. Masu shaguna suna tsokanarsa wai albashin zaman kashe wando yake ci. Sai ya yi dariya, ya ce su roƙa masa ƙari.

Daga baya muka gane. Kafin hukuma ta kafa benci ko ta dasa bishiya, sai ya ga inda inuwa ke sauka, da inda tsofaffi ke tsayawa su ja numfashi. Shi ya sa da wuya ka ga bencinsa babu kowa.

Babana mai gyaran agogo ne, a ɗan shago ƙarƙashin wani tsohon bene. Idonsa ya yi rauni. Da hasken ƙofa yake aiki, fitila hawaye take sa shi. Da hukuma ta yarda ta tallafa wa mai benen ya sabunta ginin, sai mutumin ya ce gaba duk gilashi zai sa, ƙananan 'yan haya su koma lungun baya, inda rana ba ta leƙawa. Babana bai yi musu ba. Ya dawo gida ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya tura ƙarƙashin gado.

Baba Mai Kujera, kai ne ka lallaɓo mai benen har cikin lungun. Tela maƙwabcinmu yana wurin. Ya ce a kan kujerarka ka zaunar da mai benen, ka ɗora masa buɗaɗɗen agogo a tafin hannu, ka ce:

"Maigida, nuno min ƙaramar kusar ciki."

Ya ƙanƙance ido, ya juya nan, ya juya can. Can ya nisa.

"Kai dai ba ka da dama. To, a bar su a gaba."

Kai ne kuma ka koma ofis ka yi ta naci har aka sake zanen. An yi gilashin, an bar mana ƙofarmu.

Ƙarshen watan nan Baba Mai Kujera zai ajiye aiki. Ku da za ku gaje shi, ku riƙa duba wanda ke cikin gini kafin ku taɓa bango.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya. Babana ba mai yawan magana ba ne, amma ya ce in faɗa maka ka riƙa leƙowa, ko da agogonka lafiyarsa ƙalau.